Ƙwayar da Ta Cinye Mini Hadda

Ƙanwata mai aikin jinya a Funtua ce ta ba ni ƙwayar melatonin, saboda barci yana mini wuya. Ta ce sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, wai har yana taɓa riƙon karatu da cin abinci. Ni dai "riƙon karatu" kawai na ji.

Ranar gwajin hadda a Islamiyyarmu ta matan aure, wanda sai an ci shi ake shiga walimar sauka, na haɗiyi biyu da hantsi. Har na tausaya wa ƙawata Maman Sadiya da ke ta bita kusa da ni, na ce, "Baiwar Allah, zamani ya wuce wannan wahalar."

A kafaɗarta barci ya kwashe ni. Malama ta yi ta kiran sunana. Na buɗe ido, cikina na ƙugi, na ce, "An sauke wainar?"

Inna lillahi! Ko aya ɗaya ta ƙi zuwa. Ƙawayena suka yi sauka, ni na raba musu zoɓo ina share hawaye da bakin hijabi.

Har yau in na shiga aji sai wata ta ce, "Hajiya, tabarma za a shimfiɗa, ko karin kumallo tukuna?"