Sukurun Aljihun Ɗan Kwangila

Jama'a, jiya na je Kasuwar Sabon Gari sayen garin rogo, na tarar da ƙullu. Ku gyara zama ku ji dalili.

Chinyere, wadda nake sayen gari a wurinta shekara tara, an yi wa layin rumfarsu sabon rufin kwano kafin damina. Da sukuru aka ɗaure shi, wannan ƙusa mai murɗawa da ke huda wa kanta hanya. Doka ta ce sai Mai Girma Sarkin Gwajin Ƙarfe ya gwada tukuna: a kwaɗa wa kan sukuru guduma, in ya lanƙwasa nagari ne, in ya ɓalle a zubar.

Ranar gwaji Mai Girma ya iso, da mai riƙe masa laima da mai riƙe masa guduma. Ɗan kwangilar rufin ya laluba aljihu ya zaro sukuru ɗaya, aka ɗora wa sukurun guduma. Ƙwal! Ya rusuna. Aka yi tafi.

Chinyere ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ba ma ɗanɗana garin da mai buhu ya miƙo. Hannu muke zurawa har gindi."

Ta ɗebo uku daga gindin akwatin sukurun, ta kwaɗa musu dutse. Duk ukun kansu ya yi tsalle.

Mai Girma ya gyara tabarau. "Mama, kina da takardar gwaji?"

"Ba ni da ita."

"To ba karyewa suka yi ba, ke kika karya su."

Jiya da la'asar hadari ya taso. Kwano ya yi sama, sai a Fagge aka tsince shi. Garin Chinyere kaf ya sha ruwa.

Yau Mai Girma ya dawo bincike. Aka sake laluba aljihu, aka zaro sukuru. Ƙwal! Ya rusuna. Maƙwabcina Malam Fatai maƙerin akwati ya raɗa mini, "Inna, na gane shi. Ni na gasa shi ya yi laushi, ni nake miƙe shi kowane mako."

Hukunci ya fito: sukuru lafiya lau, iska ce ta zo ba ta sanar da ofis ba.

Chinyere ta ce, "To a ara mini wannan ɗin, ko kusurwa ɗaya ya riƙe mini."

Mai Girma ya ce, "Ba zai yiwu ba. Gobe yana da gwaji a wata kasuwa."

Allah ya ƙara wa sukurun nan lafiya, bawan Allah. Duk ofishin shi kaɗai ke zuwa aiki.