Fayil Ɗin da Ɗan Goggo Ya Share

"...lafiya lau, ya aiki? Ko da yake na ga aikin a fuskarka."

Injiniya ta ajiye jakarta kan teburin ofishin makarantar. Ɗan goggonta, malamin da ke kula da kwamfutar, ya jiƙe da gumi, allon gabansa cike da jan rubutu. Ƙarfe sha biyu iyaye za su zo karɓar sakamakon yara ɗari uku, ga shi manhajar ta ƙi buɗewa. Tausayi ya ɗan kama ta, amma ina za ta bari taubashi ya gani?

"Bawana, me ka taɓa?"

"Wa ne bawanki? Sabuntawa kawai na yi. Na ce wa manajan ƙunshi, mai sauko da sassan manhajar, ya ɗaga komai zuwa sabuwar siga."

"Komai? Rana irin ta yau? Garin neman gira ka rasa ido."

"Ke dai duba, uwar surutu. Ƙunshin lissafin maki ya ce sai siga ta uku ta wani ƙunshin da su biyun suka dogara da shi, na buga takardu ya rantse sai ta biyu."

"Tukunya biyu, murfi ɗaya. Sai ka yi yaya?"

"Na tilasta musu."

"Ka gaji Goggo! Ita ma da duka take gyara rediyo. Ina fayil ɗin kulle, mai riƙe da lambar sigar kowa?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan dogon mara kan gado? Na share. Ni mutum ne mai tsabta."

"Tsabta? Kai da sai an yi shela kake wanke safa?"

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ta taga ta hango iyaye sun fara zama a benci, sai dariyar ta ɗan tsaya mata. Ta zaro filas ɗin adana fayiloli daga jaka.

"Tun ranar da na ɗora maka manhajar na kwafe fayil ɗin kullen. Na san hannun da na bar wa."

Ta mayar da fayil ɗin, ta sa manajan ya sauko da kowane ƙunshi a sigarsa ta da. Jan rubutu ya ɓace, firinta ta yi tari ta fara aman takardu.

"Da tsohuwar zuma ake magani. Sabuntawa kuma sai hutu, ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa."

"Dama abin da nake shirin yi ke nan."

"To, bari in cire, ka yi da kanka."

Ya dafe hannunta da sauri yana dariya, ya tura mata kwanon abincinsa na rana, ko buɗewa bai yi ba.

"Ranki ya daɗe, bawanki ne. Amma kar Goggo ta ji."

"Ai ita ta kira ni."