Kitsen da Gwaggo Ta Tara Mini

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da dangina suka taso daga garinmu Hawata don su ƙwace ni daga hannun mijina ba, bawan Allah da bai yi laifin komai ba sai rufa mini asiri.

Ni dai mai jiki ce tun asali. Kafin aurena Gwaggo Hawwa, yayar babana, ta tsare ni a ɗaki kwana arba'in tana ɗura mini madida, wato kunun hulba mai kauri, da man shanu, don a wurinmu a kai amarya a rame abin kunya ne ga danginta. Haihuwa huɗu ta ɗora nata a kai. Har ta kai in na tare raksha, keken haya mai ƙafa uku, a kasuwar Gadarif da ke nan Sudan, direba sai ya dubi tayarsa kafin ya dube ni. (Wani ma cewa ya yi, "Ya hajja, don Allah ki zauna a tsakiya.")

Wata abokiyar aikina a makarantar 'yan mata ce ta ba ni labarin tiyatar zuƙe kitse: likita ya ɗan huda fata, ya zura siririn bututu, ya tsotse na ciki da cinya da damtse da baya. Na ishi mijina Yusuf da magiya har ya yarda. Da hutun makaranta muka tafi Hartum, muka ce wa mutane gwiwata za a duba. Kafin mu hau bas na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba.

Zafi kam na sha shi, na kuma yi makonni cikin wata matsattsiyar riga kamar an ɗinke buhun riɗi. Amma da kumburi ya saɓe, ya salam! Tob ɗina, doguwar lafayar da muke naɗawa, ya zagaye ni har da saura. Na shiga wani taron suna a maƙwabta ina taku ɗaiɗai, ina jiran yabo. Mata suka yi ta bi na da "Salamtik, sannu da jiki," ni kuwa sarauniyar wauta na ɗauka hassada ce. Ashe a ranar labari ya hau lori sai Hawata: Yusuf ya hana 'yarku abinci, ta zama ƙashi da rai.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Baffa Abakar, ƙanin babana, da sandarsa, Gwaggo na biye da jarkar man shanu. Ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta kama damtsena ta matsa, ta fashe da kuka.

Baffa ya zauna bisa gado a rumfa, ya ture kofin gahawar da na kawo. "Yusuf, mace cikakkiya muka ba ka. In riɗin bana bai yi ba, ai sai ka faɗa, dawa ba ta ƙare a Hawata ba. Ke kuma haɗa kayanki."

"Wallahi Baffa tana ci," in ji Yusuf.

"To ina yake tafiya?"

Yusuf ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Rantsuwa ta ɗaure masa baki, gumi na bin jallabiyarsa. Tausayinsa ya kama ni, amma kunya ta fi ƙarfina. (Allah ya yafe mini, har na fara tunanin mako biyu a Hawata ai ba wani abu ba ne.) Sai da na ga Gwaggo ta jawo akwatina da hannunta, idon Yusuf ya kawo ruwa, sannan na ce ƙasa-ƙasa, "Ni na kai kaina aka zuƙe."

Baffa kunnensa da nauyi. Sau uku na maimaita, na ƙarshen da ƙarfin da nake kiran sunaye a aji: "Likita na sa ya zuƙe mini kitsen da bututu!" Bayan dangar kara na ji maƙwabciyata Asha ta saki kwano ta kece da dariya.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kwana arba'in ina dama madida, hayaƙi na cin idona, ki kai wa wani ƙato ya tsotse? Yana ina yanzu?"

"Sun zubar, Gwaggo."

"Sun zubar! Innalillahi!"

Baffa ya jawo gahawarsa ya shanye, ya ba Yusuf haƙuri, bayan sallar Juma'a ya bi lorin la'asar. Gwaggo kuwa ta ajiye jarkarta a kicin ta ce ba inda za ta sai ta mayar da kayanta a jikina. Yusuf da kansa yake sayo mata hulba, yana wani murmushi da har yau ban yafe masa ba.

Yanzu duk wadda ta tambaye ni batun tiyatar, nakan ce mata kafin ta ga likita ta fara neman izinin wadda ta gina jikin. Ni ban nema ba, ga shi jiya ma mai raksha sai da ya dubi tayarsa.