Littafin Sirrin Zauren Sarkin Fawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Bakura ba, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Lokacin ina sabon malamin firamare, ana tsakar aikin dam na Bakolori. Manyan motoci sun bi gonakin mutane sun baje su don a yi noman rani, suka tafi da itatuwa da gamba da duwatsun da kowa ke gane iyakar gonarsa da su. Da aka zo mayar wa mutane filayensu sai rigima ta ɓarke, wa da ƙani ma ba sa ga maciji. Shi ya sa dattawan unguwarmu suka riƙa zaman sulhu duk Laraba a zauren Alhaji Ummaru, Sarkin Fawa. Ni aka ɗauka in riƙa rubuta abin da aka yanke, tunda ni ne ɗan boko mafi kusa.

(A nan ya kamata in faɗa muku cewa Sarkin Fawa na da ɗiya, Hajara, kuma an riga an tsai da Juma'ar da Kawu Tanko zai je nema mini aurenta. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.)

Masifata ta faro ne daga kasuwar Talata Mafara. Wani ma'aikacin safiyo, mai awon ƙasa, da zai koma garinsu ya bar mini wani ƙaton littafin Turanci, mai kauri kamar tubali. Wasu 'yan jarida ne suka rubuta shi, suka tona abin da ke faruwa a cikin kotun ƙoli ta wata ƙasar Turawa bayan an rufe ƙofa: wane alƙali ke fushi da wanne, wanne ke sauya ra'ayi don ya bi rinjaye, wanne ke gyangyaɗi ana shari'a. Har da cewa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ke tashi ya buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa. Rabin Turancin ya fi ƙarfina, amma rabin da na gane ya ishe ni hauka. Na fara tafiya hannuwa a goye a baya. Malaman makarantarmu suka laƙaba mini Babban Joji, ni kuwa don rashin hankali na ɗauka yabo ne.

Sai wata rana ina zaune a bakin ƙofar zauren, na dubi dattawan nan huɗu a kan tabarma, Sarkin Fawa da Mai Unguwa da Kawu Tanko da Baba Buba, zuciyata ta ce, ai ga taka kotun ƙolin nan. Ni ne ma ƙaramin alƙalin, tunda ni ake aike ɗebo ruwa. Washegari na sayi littafin rubutu na biyu, na fara tona asiri. Littafin sak irin na farko ne, wanda nake rubuta hukunci a ciki, shuɗin bango, saboda iri ɗaya kaɗai mai kanti ke sayarwa. Wata huɗu ina wannan aiki, ina jin kaina wani gawurtaccen marubuci.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, saura kwana biyu Kawu ya je neman auren. An gama sulhun wata doguwar rigimar iyaka, har malamin gona, Malam Isa, ya zo daga Maradun don ya ji abin da aka yanke. Zauren ya cika maƙil, har waje. Sarkin Fawa ya dube ni ya ce, "Malam, shiga gida ka amso muna ruwa." Na ajiye jakata na tashi da saurina. Ga ladabin suruki, ga damar hango Hajara.

Na ɗan daɗe, ban musa ba. Ashe da jira ya yi yawa, Mai Unguwa ya ce wa Malam Isa, "Kai ma ai ɗan boko ne, ɗauko littahin cikin jakka tai ka karanta muna." Ina dawowa da ƙwaryar ruwa a hannu, sai na ji murya tana tashi, a nutse, kamar mai karanta labarai a rediyo:

"Mai Unguwa ba shi da ra'ayin kansa. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi ke da gaskiya a wurinsa."

Nan take na gane littafin sirrina ya ɗauko. Wani ya tuntsire da dariya a waje. Malam Isa, bawan Allah, irin mutanen nan ne da bakinsu ke karatu kansu na wani wuri, sai ya zarce:

"Kawu Tanko yakan zaɓi goron da ya fi girma ya tura cikin hularsa, yana tsammanin ba a gani."

Kawuna ya kai hannu ya dafe hula. Wannan dafewar ita ta ƙarasa kashe mutane da dariya. Sai a lokacin Malam Isa ya farga, ya tsai da karatun, ya ɗago kai yana nemana. Sarkin Fawa ya ce, ba ko murmushi, "Ci gaba, malamin gona. Ni mi anka ce?"

Malam Isa ya mai da ido kan littafin ya karanta:

"Sarkin Fawa yakan fara barci da an gama gaisuwa. Yau na ƙirga minsharinsa har na gaji. Abin mamaki, in ya farka sai ya faɗi magana guda ta kashe rigimar. Ban san yadda yake yi ba."

Ƙwaryar ta kubce mini. Ruwa ya bi tabarma ya nufi babbar rigar mutumin da nake son ya ba ni ɗiyarsa. Na zube ƙasa na durƙusa cikin ruwan, kaina a sunkuye. Wallahi da kuka zai yi magani da na yi shi a gaban kowa.

"Ba kwana ni kai ba," in ji Sarkin Fawa, yana tattare rigarsa. "Ido ni ka ruhewa don in ji da kyau."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Mai Unguwa.

"Har da minshari?" in ji Kawu Tanko.

"Wannan ma gaskiya ne," in ji Mai Unguwa.

Aka sake kwashewa. Ana cikin haka sai Baba Buba, dattijo na huɗu, ya buga sandarsa a ƙasa, ransa a ɓace sosai. "To ni hwa? Wata huɗu ina zama nan, ba a rubuta komi kaina ba? Ni ba mutum ba ne?" (Shi kaɗai na ƙyale don ganin girmansa, kuma shi kaɗai ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba.)

Sarkin Fawa ya karɓi littafin ya sa a aljihu. Ran Juma'a Kawu ya je, ya dawo ya ce an ce a dakata, za a yi shawara. Mako uku ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na daina goya hannu a baya, ƙaton littafin nan kuwa na mai da shi abin tokare ƙofa. Ina son Hajara ƙwarai, kuma na san da hannuna na jefa aurena a rijiya.

Sai ga saƙo: an ba ni. Na ɗauka dattaku ne irin na Sarkin Fawa, na yi ta sa masa albarka. Sai bayan biki Hajara ta tona mini yadda tasu kotun ta zauna bayan an rufe ƙofa. Alhaji ya ce bai yarda ba. Ƙanensa ya ce bai yarda ba. Inna, mahaifiyarta, ta sa aka karanta mata shafin minsharin nan har sau biyu, sannan ta ce:

"Shekara talatin ina hwaɗa mai shina minshari, shina ƙaryata ni. Yau ga shi a rubuce. Wanga yaro mai gaskiya na, a ba shi."

Biyu suka ƙi, ɗaya ta yarda, ɗayar ta yi rinjaye. Na karanta littafin Turawan nan daga bango zuwa bango, ban ga inda aka taɓa yin haka ba.

Tun daga ranar na koyi abu biyu. In za ka sayi littafin rubutu na biyu, ka je wani kantin. In kuma kana neman kotun ƙoli, kada ka tsaya a zaure, tana can cikin gida tana tankaɗen gari.