Yadda Za Ka Cire Iskar Birkin Baya Kuna Gaba Da Matarka

Bi matakan nan, na rantse maka birkin babur ɗinka zai kama kafin la'asar. Ni ban yi boko ba, amma na gwada da hannuna.

In iska ta shiga man birki, kana takawa za ka ji kamar ka taka katifa. Cire ta aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance ɗan notin da ke gindin taya. Mutum na biyu a gidanka kuwa matarka ce, ga shi tun ranar da ka kushe girkinta ba wanda ya ce wa wani uffan. Wanda ya fara magana shi ya faɗi.

1. Kada ka roƙa.
Kafe babur daidai ƙofar kicin. Cika kofin man birki, saka tiyo a bakin noti, ɗaya bakin cikin kwalba. Ka yi ta tsaki har ta gaji da tsallake ƙafafunka.

2. Yi wa babur magana.
Ka ce, "Kai babur, da za a samu mai imani ya taka ka, da gobe an fita haya." Za ta ce wa tukunya, "Kin ji masu baki yau sun koma neman ƙafa." Ba da kai take ba. Za ta zo ta taka.

3. Yi aiki da ishara.
Ƙa'idar ita ce ta taka, ta riƙe, ka kwance noti mai ya fito da kumfa, ka ɗaure, sannan ta saki. In ta saki kafin ka ɗaure, iska ta koma ciki. Tunda bakinka ba zai ce "riƙe" ba, yi gyaran murya. Za ta ɗauka tari ne, ta saki. Harare ta. Za ta sake saki. Namiji da haƙuri aka san shi.

4. Manta da kofin mai.
Kana kwance a ƙasa, ba ka ganin sa. Ita tana kallo yana ƙarewa, amma ai ba kwa magana. Za ka ji noti ya yi "fuuu". Madalla, aiki ya koma farko.

5. Ƙara mai, ka buɗe baki.
Noti na buɗe ihu zai ƙwace maka: "Don Allah riƙe, Maman yara!"
"Au, Maigida, da ni kake? Na zaci da babur ne. To, wa ke da laifi?"
"Ni ne."
"Ɗaga murya, ƙafata ta fara gajiya."
Ɗaga. Kumfa za ta yanke, ka ɗaure, birki ya kama gam.

Gargaɗi: birki kaɗai na yi maka alkawari. Duk laifin da ka amsa noti na buɗe, kai ka jiyo, ba ruwana. Ni da aka riƙe min birki, har labulen da ƙanen matata ya ƙona na ce ni ne.