Jarumin da Yaya Sale Ya Ɗinka a Keke

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Barnawa ba, ranar da na miƙe a gaban mutane, da furfurata da tumbina, na yi jawabi a kan komik. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. A Nasarawa muka taso, ni da yayana Sale. Shekarar da Baba ya rasu ina aji uku a firamare, shi kuma Yaya Sale ya bar makaranta ya shiga koyon ɗinki. Ni abin da rasuwar ta yi mini shi ne ta ɗauke mini cin abinci. In an ajiye mini tuwo sai in yi ta zane a kansa da yatsa har ya huce (wanda ya san ni yanzu ba zai yarda da wannan ba, amma haka aka yi).

A bakin layinmu akwai wata mai ƙosai da ke sayo tsofaffin takardu daga Kakuri don naɗe wa mutane ƙosai. A cikinsu akan samu shafukan komik na Turawa, masu jarumai suna tashi sama. Yaya Sale kan bi ya roƙo su, ya goge man da tsumma, ya jera, ya ɗinke gefensu a keken ɗinkin maigidansa da farin zare. Ni a ganina littafi guda ne ya tarwatse, yayana kuma yana tattaro shi. Da yamma sai ya ɗora ni a benci ya karanta mini da Hausa. Sunan jarumin, in ji shi, Na-Sama.

Littafin nan gara ta cinye shi tuni, amma labarin ya zauna mini daram. Na girma, na yi karatu, na kama aikin ofis, na karanta komik iri-iri, ban ga wanda ya kama ƙafar Na-Sama ba. Kuma ban taɓa cin karo da shi a ko'ina ba, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa nawa na musamman ne.

To bara sai idanun Yaya Sale suka fara ja da baya, ciwon suga ya taɓa su. Ya daina iya zura zare a allura, hoto ma sai ya kawo shi dab da hancinsa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na ƙudura a raina sai na nemo masa littafin nan sabo fil, ya sake ganinsa tun yana iya gani. Da na faɗa masa sai ya yi wani irin tari, ya ce in bar wahalar da kaina. Ni kuwa na ɗauka kawaici ne irin na manya.

Ana haka sai Chinedu ya kira taro. Chinedu haifaffen Kakuri ne, mahaifinsa tsofaffin littattafai yake sayarwa, shi kuma ya buɗe shagon komik a Barnawa, ya haɗa mu tsofaffin masoya a guruf ɗin waya. Ya ce kamfanonin waje suna sake buga tsofaffin labarai a manyan kundaye, mu zo mu tattauna waɗanda suka cancanta, ya yi oda. Na ce ga dama ta samu. Har sabuwar shadda na sa.

Shagon ya cika, wasu a kan kujerun roba, wasu a tsaye. Aka yi ta musu. Wani malamin sakandare mai suna Bitrus, wanda ya san tarihin komik kamar yunwar cikinsa, ya ce yawancin tsofaffin labaran nan a ƙwaƙwalwa kawai suke da daɗi, in ka sake karanta su da girmanka sai ka ji haushin kanka. Maganar ta sosa mini rai. Na ɗaga hannu, na gyara hula, na ce akwai labari guda da duk wanda bai san shi ba bai san komik ba (Allah Ya yafe mini wannan jimlar).

Na ce sunansa na Turanci ya kwanta mini, amma zan ba su labarin. Jarumi ne mai koriyar riga, mahaifinsa ya mutu, baƙin ciki ya sa ƙarfinsa ya tafi, ya faɗo daga sama cikin teku. A ƙarƙashin ruwa ya sauya kama, gashinsa ya koma ja, ya yi faɗa da wani ƙaton kifi. Daga nan ya fito tudu sanye da hular ƙarfe, ba ya magana da kowa. Ina magana ina ɗaga hannu sama. Na lura shagon ya yi tsit, na ce a raina labarin ya kama su.

Bitrus ya tambaya a hankali ko mai koriyar rigar yana da alamar tsawa a ƙirji. Na ce ƙwarai. Ya ce mai jan gashin fa, yana riƙe da mashi? Na ce ashe ka san shi. Ya dubi Chinedu, Chinedu ya dubi silin. Maimakon in tsaya a nan, sai na ce ai ban zo wurin da ya fi taɓa zuciya ba. Na ce akwai shafin da jarumin ya zauna a tebur, ga kwano cike da hatsi da madara, ya ɗaga cokali yana murmushi. A nan ne ya yarda ya ci abinci, ƙarfinsa ya dawo, ya koma sama. Na ce duk duniyar komik babu shafi irin wannan, kuma wallahi da hawaye a idona na faɗa.

Chinedu ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon komik a leda, ya buɗe bayansa. Ga shafina nan, kwano da cokali da murmushi, babu abin da ya canza. Na yi tsalle na ce shi ne.

"Oga," in ji Chinedu, yana ƙoƙarin danne dariya, "wannan ai talla ce. Abincin safe na yara suke tallatawa. Shi kuma jarumin naka ai mutum uku ne daban, kamfaninsu ma ba ɗaya ba."

Dariyar da ta ɓarke har mai Keke Napep da ke wucewa sai da ya leƙo. Wani ya ce a sake buga tallar, yana so. Na tsaya tsamo-tsamo cikin sabuwar shaddata, da ƙasa za ta tsage da na shige. Bitrus ne ya ji tausayina, ya tambaye ni a ina na karanta shi. Da na ce yayana ne ya ɗinka shi da shafukan ƙosai, sai dariyar ta lafa, amma ni ban tsaya ba, na sulale.

Kai tsaye Nasarawa na nufa, cike da fushi. Na tarar da Yaya Sale a ƙofar shago yana shan iska. Na zayyana masa duk abin da ya faru. Ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun riga.

"Auta, yaushe na iya Turanci a lokacin? Hoto nake kallo in shirya maka. Kullum Inna sai ta yi kuka a kan kwanonka. Da na ga mutumin nan da cokali, na ce to, ga magani." Ya lalubo ya dafa tumbina. "Ka ci ko ba ka ci ba?"

Sai a lokacin na tuna cewa ranar da ya karanta mini shafin nan na cinye tuwona tas, har na nemi ƙari. Shi kansa a lokacin yaro ne da ya rasa uba, ban taɓa tunanin wa ya lallashe shi ba.

Ya ce shi ya manta yadda labarin yake, in ba shi. Na zauna a benci kusa da shi na fara tun daga faɗowa cikin teku, yana gyara mini wuraren da ya ce na ƙara gishiri.

Chinedu ya yi odarsa ba tare da Na-Sama ba, kuma har yau in na yi magana a guruf sai wani ya turo mini hoton cokali. Na haƙura, ni na jawo. Darasin da na ɗauka dai shi ne, kafin ka tashi kare littafi a bainar jama'a, ka duba gefensa ko tela ne ya ɗinka. In kuwa tela ne, kada ka nemi a sake bugawa. Ka je ka gaishe shi tun yana gane fuskarka.