Ranar da Na Kama Bayan Motar Siminti

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, lokacin ina aiki a masana'antar siminti ta Malbaza. Abokina Idi ne zai yi aure a Ƙonni, babbar rigarsa kuwa tana hannun wani mai ɗinkin hannu a Malbaza, bai gama ba sai da safen ɗaurin auren. Ni aka bar wa amanar kai ta kafin azahar.

Na je tasha na tarar da motar Ƙonni da mutum uku kacal. Kamashon ya ce, "Zamna malam, yanzun nan za ta cika." Na dube shi, na dubi sabon kekena (wata biyu da saye, kullum sai na goge shi har da wayoyin ƙafa), na ce, "Kahin ku cika na sha hura a Ƙonni." Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Na ɗaure rigar a bayan keke cikin jarida, na hau kwalta. Da farko har waƙa nake yi. Can rana ta buɗe, iska ta taso daga gaba, keken ya fara yi mini nauyi. Sai ga wata tirelar siminti tana hawan tudu a hankali. Na sha ganin mutane suna kama bayan mota ta ja su. Na miƙa hannu na cafke ƙarfe.

Daɗi kam na ji. Matsalar ita ce ƙurar siminti da ke zubo mini. Na sunkuyar da kai, na ƙanƙance ido, ba na ganin komai sai tayar gabana. A Tsarnawa na ji motar ta karkata dama, na ɗauka kwana ce kawai. Na ƙara riƙewa, ina ce wa kaina namiji ba ya saki.

Sai da ta tsaya a shingen jandarma na ɗago. Wani jandarma ya zagayo yana kallona kamar ya ga aljani.

"Ranka shi daɗe, Ƙonni saura kaɗan ko?"

"Wace Ƙonni? Wagga hanyar Tawa ce, ka baro ta Ƙonni tun Tsarnawa. Gaba kaɗan mararrabar Illela take."

Direban ya sauko, ya ji labari, ya yi dariya har yana riƙe ƙofa. Suka ce in jira motar da za ta koma. Na ƙi. Na juya kekena na taka, ba ruwa, ba inuwa, maƙogwaro kamar an zuba yashi. Sau biyu ina sauka in tura, amma ban zauna ba.

Na isa ana kiran la'asar. An shafa fatiha tuni. Idi na zaune cikin abokai sanye da rigar kawunsa, wadda da kyar ta wuce masa gwiwa. Na tura keke cikin zaure, gumi ya kwaɓa simintin jikina, gira fari, gashin baki fari. Mahaifiyar Idi, wadda na ci tuwonta ya fi a ƙirga, ta leƙo ta ce, "Magini, yau biki muke, ka dawo jibi."

"Inna, ni ne hwa."

Ta matso ta ƙura mini ido, ta tafa hannu. "La'ilaha! Ɗan nan, mi ya same ka?"

Kafin in amsa, wani dattijo cikin 'yan ɗaurin aure ya ce, "Ai shi ne mai keken tasha! Mu da muka jira mota har mun ci shinkafa." Zauren ya ɗauki dariya.

Idi ya kwance jaridar. Farar shaddarsa ta koma kalar toka. Ya kaɗe ta, ƙura ta tashi, kawunsa ya yi atishawa. Duk da haka ya tuɓe ta aron ya saka, ya ce tun da na wahala dominta, a cikinta zai karɓi amarya. Wannan ya fi dariyar ba ni kunya.

Tun daga ranar nake zama a tasha in jira mota ta cika, bakina a rufe. In kuma har za ka kama bayan wani ya ja ka, fara tambayarsa inda za shi.